Askin Inabin Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Na yi sallama ne don haka aka koya mini buɗe wasiƙa, na san babu mai amsawa, kuma na san ba za ka taɓa karanta wannan ba. Ko kana raye ma sai dai ƙanena Sa'idu ya karanta maka, kai kuma ka kau da kai kamar ba da kai ake ba, tunda daga ɗan fari ta fito.

Mutanen gida suna lafiya. Inna gwiwar nan ce dai ke damunta, sallah ma a zaune take yi yanzu. Matar Sa'idu ta haifi namiji, an mayar da sunanka, goshin nan naka sak. An yashe rijiyar gona. Abin da ya sa na ɗauki biro inabinka ne, kuma labarin babu daɗi.

Ka rasu cikin daminar shekarar korona, ina nan ɗakinmu na unguwar Mesaimeer a Doha, babu jirgi, babu fita. A waya na ji, a waya aka ce mini an kai ka. Shekarar nan babu wanda ya iya kusantar rumfar inabin da almakashi. Da shekara ta zagayo Sa'idu ya ɗan datse kawunan rassan, ganye ya yi ta fitowa kamar me, 'ya'yan kuwa ko kwano ba su cika ba. Sai Baffa Tanko ya ce bana ce ta ƙarshe. In ba ta yi ba, zai tuge ta ya zuba albasa. Ban ga laifinsa ba, Baba. Ɗan'uwanka ne, gida biyu ke ci daga gonar nan, kuma ba a miya da inuwa.

To amma wa za mu tambaya? Kai kaɗai ne mai inabi a garinmu, har aka riƙa yi maka dariya da shi. Mutumin ƙasar Zazzau da ya ba ka irin ya riga ka tafiya. Kai ne wanzaminta, kai ke ce wa yankan aski. Ina riƙe da kwando a bayanka, kana bin reshe da babban yatsa kana ƙirga ido, wato gurbin da toho ke fitowa, kana yi wa itacen hira kamar abokinka. Ni ba ka yi mini. Kunyar ɗan fari ta hana ka ko kiran sunana, ni kuma nauyinka ya hana ni tambaya. Sau nawa tambayar ta zo bakina na haɗiye? Ido nawa kake bari, Baba?

Ga yadda na shiga cikin maganar. Madam, matar kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, 'yar Lebanon ce, ni nake tuƙa ta. Da gasar kofin duniya ta matso ta ce ita ba za ta iya da cunkoson Doha ba, za ta tafi hutu Faransa, wani yanki da ake kira Bordo, inda gonakin inabi suke iya ganin mutum. Kada ka yi murna, giya suke yi da shi. Ta sa na kai ta kantin littattafai a Al Mirqab don ta zaɓi littafin da zai yi mata jagora, ni kuma aikina riƙe waɗanda ta ciro.

Zaɓen ya ɗauki lokaci kamar zaɓen ragon layya. Wannan ta ce ya yi wa jakarta nauyi. Wancan an buga shi kafin korona, ta ce rabin gidajen abincin da ke ciki sun rufe. Wani babu taswira, sai surutun kwalabe daga farko har ƙarshe. Wani kuma na masu yawo da keke ne, ta harare shi ta mayar. Ina tsaye da tarin littattafai a ƙirji sai na sama ya buɗe, na ga hoton hannun wani tsoho riƙe da almakashi a jikin reshen inabi. Hannun fari ne, amma jijiyoyin da kaushin irin naka ne. Da ta gaji da ruwan ido ta ce yalla, maza ni in zaɓa mata cikin biyun da suka rage. Na miƙa mata na tsohon, ta yi dariya ta ce ashe direbanta ya san abu mai kyau.

Tana shiga wurin gyaran gashi na buɗe shafin a mota na ɗauki hoton da waya. Na ƙara girmansa har ya fara dishi-dishi. Tsohon ya datse reshen gajere ƙwarai, ido biyu kacal ya bari. Turancin da ke ƙasan hoton ban gane ko rabinsa ba, amma na ce wa kaina mutanen da inabi ya zama musu kamar gero a wurinmu ai ba za su yi kuskure ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na tura wa Sa'idu hoton na ce ya yi wa rumfar duka haka. Ya yi ta jan ƙafa, ya ce shi a tunawarsa naka ya fi wannan tsawo. Na daka masa tsawa, na ce ni da nake ƙasar waje da shi da ke ƙauye wa ya fi ganin duniya? Ya bi maganar yayansa, ya yi mata ƙwal-kwabo.

Bayan an fara gasar ne, ina jiran maigida a ƙarƙashin ofishinsu a West Bay, na nuna hoton ga wani direba Ba'indiye da muke shan shayi tare. Da farko tsokanata ya yi, wai Malam ya koma karatun giya. Da na gaya masa abin da na sa aka yi sai dariyar ta ɗauke. Ashe gidansu manoman inabi ne. Da guntun Larabci da guntun Turanci ya fahimtar da ni cewa a can Faransa sanyi ne ke kwantar da itacen, aski ɗaya ya ishe shi. A ƙasar zafi irin tasu da tamu sau biyu ake yi. Gajeren kafin damina ne, don ta yi rassa. Na bayan damina dogo ake bari, don 'ya'yan suna can a idanun gaba. Ya miƙa hannunsa ya nuna mini daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Na tambaye shi ko akwai gyara, ya girgiza kai ya ce khalas, shi ke nan, sai baɗi.

Sai a lokacin na tuna sau biyu kake wasa almakashinka a shekara. Ina gani da idona, Baba, shekara da shekaru, ban taɓa haɗa lissafin ba. Me na yi ta kallo a bayanka? Hanyar mota nake kallo ke nan?

Yanzu ta yi toho, kore shar. Kowace safiya nakan sa Sa'idu ya kira ni ta bidiyo ya bi rumfar yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa mu ga fure. Har yau babu. Bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini zagi ciwo. Nan kuwa gari ya cika da baƙi da tutoci, ina ɗaukarsu daga wannan filin wasa zuwa wancan suna ihu a bayan mota, ni zuciyata tana ƙarƙashin ganye. Madam ta turo hotonta a tsakiyar gonakin, ta ce littafin ya yi mata amfani sosai.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina alfahari da kai. Duk wanda na zauna da shi a garin nan sai na gaya masa ubana ne ya fara fitar da inabi a garinmu ana yi masa dariya. Na so a ce ranar da na dawo, tunda ban same ka ba, in sami abin da hannunka ya dasa a tsaye. Inna ma can take zuwa da la'asar, Sa'idu ya kai ta a babur ta zauna a inuwar. Ka san mata ba sa zuwa maƙabarta. In aka tuge, ina za ta je ta zauna kusa da kai?

Jiya Baffa ya kira ni da kansa. Ya ji an ba ni hutu da zarar an gama wasan ƙarshe. Ya ce ya riga ya yi magana da 'yan ƙwadago, amma ba za a sa gatari ba sai na iso, don kada a sake yin wani babban abu a gidan nan ba na nan. Da alheri ya faɗa. Na yi masa godiya.

Ka ga inda na tsaya? In na hau jirgi, da ƙafata zan kai wa itacenka gatari. In ban hau ba, Baffa mutum ne mai cika magana, zai jira, wataƙila har lokacin wani askin ya zo a yi shi daidai. Amma Inna tun rasuwarka ba ta sa ni a ido ba, har ta sa an yi wa ɗakina sabon daɓe. Wanne zan hana ta, ɗanta ko inuwarka? Gobe maigida zai tambaye ni ranar da za a yanka mini tikiti, kuma ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yafe mini, Baba. Sai mun zo.

Ɗanka,
Lawal, daga Doha