Ban Ga Zurfin Ba, Isaka

Zuwa ga Isaka, sanyin raina, inuwar gawo a tsakiyar rani, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, kai da sunanka kaɗai ke sa in ɗauki bik in yi rubutu.

Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƴar'uwata Mariyama da muke kwana kan tabarma ɗaya. Idona na hagu ba ya gani. Tun ƙyandar da na yi ina ƙarama, farin hayaƙi ne kawai a cikinsa. Yana shan kwalli kamar ɗan'uwansa, yana zubar da hawaye kamar ɗan'uwansa, har Inna ta ɗauka ya warke, ni kuwa na bar ta a haka.

Ka tuna ranar da malamin makarantarmu ta lakwal ya aike ni da Mariyama neman bayani, muka faɗo siber ɗin intanet da kake aiki a unguwar Talladjé? Na taso daga unguwarmu Kirkissoye, na ratsa sojojin da ke tsaye bakin gada tun juyin mulki, na ga kogi ya janye ya bar yashi, shanu na tafe a kai haƙarƙari a waje. Da wannan baƙin ciki na shigo. Sai ga ka gaban ordinater, wato kwamfuta, kana tuƙa jirgin sama, jirgin da ba ya barin tebur! Ka ce haka matuƙa ke koyo, kai ma wata rana za ka tashi da na gaske. Ka nuna mana yadda kake ɗaukar bidiyon tafiya ɗaya sau biyu, ka gusar da ta biyun kaɗan, daidai tazarar da ke tsakanin idon mutum biyu, ka rina ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ka ɗora su kan juna. Sannan ka miƙo tabarau na kwalin sukari da ledar alawa, ka ce duk mai ido biyu zai ga sama ta buɗe.

Mariyama ta sa, ta yi ihu, ta kai hannu za ta kama gajimare. Da aka zo kaina, wayyo zuciyata! Kogi na gani cike fal, Yamai kore shar kamar fari bai san hanyarta ba, amma duk a shimfiɗe, launi ɗaya, kamar zanen atamfa. Ka sunkuyo ka tambaye ni ko na ga zurfin. Numfashinka na kusa da kunnena, yaya zan ce a'a? Na ce na gani, har tsoro ya ba ni.

Sai ka yi shiru. Ka ɗora yatsa biyu a kan tabaran, ka juya shi a hankali, don ashe a kife na sa shi, jan a dama. Mai ido biyu da tuni ya ce duwatsu sun lotsa, sama ta faɗo. Ba ka yi dariya ba, ba ka dubi Mariyama ba. Wannan shirun naka, Isaka, shi ya hana ni sukuni. Ka gane ne ka rufa mini asiri? Ko tausayi ne irin wanda ake yi wa tunkiyar da fari ya kayar? Cikin littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin kaye na rubutu, ƴan matan duk masu idon barewa ne, ba a taɓa rubuta irina ba.

Yanzu ka aiko cewa ka haɗa sabon bidiyo domina, ka bi da jirginka ta saman Dogon Dutsi, garin kakata, inda mutane ke jiƙa anza su ci saboda yunwa. Ka ce ranar Asabar in zo in gan shi kore, in ga tudunsa ya taso. Ka yi ta jiran kuran ɗin lantarki ya dawo, ka yi ta maimaita tashi da sauka, saboda idon da ba shi nan! Ba zan iya sake tsayawa gabanka in yaba abin da ban gani ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ka zauna ta haguna, gefen da duniya ta ƙare mini, ka riƙa faɗa mini wane dutse ne kusa, wane ne nesa. In ka ce gajimare ya taɓa fiffike, wallahi zan yarda. In kuwa mai ido biyu kake so, wadda za ta ga aikinka yadda ka yi shi, ba zan ga laifinka ba. Idon da ya rage mini dai ba zai taɓa duban wani ba, ko kogi ya ƙafe har ƙasa, ko ya cika ya shanye gada.

Taka har ranar da za a rufe su duka biyun,
Zinariya

Na so in ba Mariyama wasiƙar nan ta kawo maka. Na fasa. Ranar Asabar, kafin ka miƙo tabaran, ni zan sa wannan a tafin hannunka, in tsaya ka karanta.