Kashi Nawa Ke Ruɓewa a Rudu?

Litinin, 5 ga Fabrairu

Madam Saratu ta maido mani da dosiyena, takardun neman tallafi. A buronsu, ofishin tallafin matasa a Konni, gaban mutane, ta aza yatsa bisa shafi na uku, inda na rubuta cewa rabin albasar da ake ajiyewa cikin rudu, rumbunmu na kara, ruɓewa take yi. "Ummulkhairi, wa ya faɗi haka?" Na ce kowa ya sani. Ta ce wanga kowa ba shi da suna, ba shi da shekara, ba shi da shafi. In tafi in nemo tushe. Ranar 8 ga Maris za su rufe, kuma mutum goma kaɗai za su ɗauka.

Ni abin da nake so ba wani abu ba ne: mangaza, ɗakin ajiya na siminti da kwano, a daina jibge albasa cikin bukkar kara bisa itace kamar zamanin kakanni. Muna nan gindin masana'antar siminti ta Malbaza, ƙurar siminti har cikin tuwonmu, amma wai sai na kawo shaida. In wannan ta wuce ni, shekara ta uku ke nan lisans ɗina, digirin da na sha wahalarshi, na kwance cikin akwati.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na tambayi Baba kashi nawa ke ɓaci cikin rudunshi. Ya ce, "Abin da Allah Ya ƙaddara." To wannan a wane shafi zan sa shi?

Bara da idona na gani, buhu-buhu muka kwashe muka zubar bayan gari, ƙuda na bin mu. Tun ina lise, a sakandare, na tsani warin nan. Har yau ban manta masu ce mani 'yar albasa ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Tawa. Awa biyu na yi a Tsarnawa ina jiran mota ta cika. Na sauka wurin Bushira, ƙawata da ke yin masta.

Bibliyotek ta jami'a na nan yadda na bar ta, har da Mushe Mamane, yadda muke kiranshi da Faransanci, mai tsaron littattafai da tabaraunshi mai igiya. Ya juya kartina ta shiga ya ce ta mutu tun shekara biyu. Na ce ni ban mutu ba. Ko murmushi. Wai sai na cika takarda, na kawo hoto biyu, na ajiye jaka bakin ƙofa, biro ma ba a shiga da shi sai kirayo, wato fensir. Ya nuna mani allon da ke bango: ba a ɗaukar hoton littafi da waya. Na ce na iya karatu, Mushe.

Ranar duka ta tafi a banza.

Laraba, 14 ga Fabrairu

An ba ni na'ura. Na buga "albasa" da Faransanci, sakamako dubu arba'in da wani abu. Innalillahi. Albasar Indiya, albasar Habasha, albasar Holanda da ake ajiyewa cikin ɗakin sanyi. Wadda ta yi kama da abin da nake nema, na danna, ta ba ni layi goma ta ce sauran sai da lambar shiga. Bushira ta ara mani tata, ina sawa wuta ta ɗauke.

Mushe Mamane ya zo ya tsaya bayana kamar jandarma. "Madmazel, ba haka ake tambayar na'ura ba. Me kike so ki sani? Faɗa mani da Hausa." Na ce kashi nawa ke ruɓewa a rudu, a yankinmu. Ya ce to in rubuta kalma uku kaɗai: irin albasar, ajiya, asara. In ban samu ba in canza ɗaya, ba duka ba.

Da wuta ta dawo sakamako ya koma goma sha bakwai. Ban gode mashi ba. Ai aikinshi ne.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Goma sha bakwai, tara da Turancin Ingila. Kaina kamar ya tsage.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Baba ya kira. Bai tambayi karatu ba, cewa ya yi ya yanke wa fadama ruwa yau, nan da kwana goma sha biyu za a tona, in dawo. Na ce Baba, albasa na buƙatar ruwa har ta gama girma. Ya ce, "Ke dai tahi da littahinki."

Yau kuma wani sabon salo. Mushe Mamane ya ce in daina karanta takardun daga farko, in fara daga ƙarshe, inda kowa ke jera waɗanda ya kwaso wurinsu. Na yi, don dai ya rabu da ni. Cikin takarda huɗu suna ɗaya ke dawowa: wani Abdulwahab Kallamu, 2001, kundin gama karatun aikin gona, kan ajiyar albasa a ƙauyukan Malbaza. Ba shi cikin na'ura. Na nuna mashi, ya ce wataƙila yana cikin kwalayen da aka kawo daga Yamai, waɗanda ba a jera ba tukuna. Kwali nawa? Ashirin da shida. Ya faɗi haka hankali kwance kamar ya ce shayi ya nuna.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Kwali goma sha ɗaya. Kiwon awaki a Bazaga, ƙwaron wake, rijiyoyin Tajaye. Atishawa tun safe. Mayafina ya koma kalar ƙasa. Bushira ta ce in ƙirƙiro lamba in laƙa wa wani bature, wa zai duba? Wallahi sai da na yi tunani. Madam Saratu za ta duba, na san idonta.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na same shi. Kwali na goma sha tara, bango kore, gara ta ci gefe.

Kuma ya kashe ni.

Mutumin nan wata biyar ya yi yana auna albasa. Mangazar siminti da kwano: arba'in da ɗaya cikin ɗari suka ruɓe, zafi ya dafa su. Rudu na kowa da kowa: talatin da uku. Ke nan mangazata, wadda na zana har da fenti, ita ce ta fi kowa ɓarna. Kwana goma sha bakwai, kuɗin mota, mura, don in tono da hannuna abin da zai rushe mani dosiye. Na rufe shi da ƙarfi har Mushe Mamane ya ɗago kai. Na fita na zauna gindin bedi. Ban yi kuka ba, mura ce.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Na koma da niyyar in tsinci ko layi ɗaya da zai goya mani baya. A shafi na 47 akwai wani rudu da ya ware daban: goma sha ɗaya kacal cikin ɗari. Na ce wane mai sa'a ne wannan. Na duba ƙasa. Sunan garinmu. "Rudun Barmo."

Baba.

Na karanta sau uku. Ana yanke ruwa kwana goma sha biyu kafin tono. Ana barin ta ta sha iska cikin gona, ganyenta rufe da ita. Amma mai kundin ya ce wannan wasu ma suna yi. Abin da ya bambanta shi ne matar gidan, Zulai, wadda ke shiga rudun kowace Asabar, ta bi albasa da hanci, ta danna wuyan kowace da babban yatsa, ta fidda wadda ta fara laushi kafin ta shafa wa sauran.

Na juya shafi. Hoto ne, baƙi da fari. Inna na tsugune bakin rudu da kwando, ta kauce fuska kaɗan tana dariya. Da goyo a bayanta, kai kaɗai ake gani, da hula mai kunne. 2001. Ni ce.

Ba mu da hotonta ko ɗaya sai na katin ɗan ƙasa, wanda ta ɗaure fuska. Ina shekara goma sha biyu ta rasu. Ashe duk ruɓar da na taso ina gani, ta bayan rasuwarta ce.

Na ciro waya. Sai ga inuwar Mushe Mamane bisa tebur. Ya nuna allo. Na ce, "Mushe, uwata ce." Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce doka doka ce, ya ɗauke kundin ya shige buronshi. Abin da na kira shi cikin raina ba zan rubuta nan ba.

Ina ɗaukar jaka bakin ƙofa ya fito da ambulan. Shafi 44 zuwa 49, shi da kanshi ya buga a injinsu, na hoton sau biyu don na farko ya yi duhu. "Waya ce aka hana," in ji shi. "Ki rubuta sunan mai kundin daidai, da shekara, da shafi." Mutumin nan ko alheri zai yi sai ya haɗa da faɗa.

Talata, 27 ga Fabrairu

Gida. Na yage rabin dosiye. Babu mangaza. Rudu shida, da mata huɗu masu tsinta kowane mako, a biya su, a riƙe albasa har damina ta yi nisa farashi ya tashi. Ba shi da kyan gani a takarda ko kaɗan. Zanen mangazata ya fi kyau, har yanzu ina jin haushi.

Ban nuna wa Baba ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Asabar, 2 ga Maris

An tona. Ina ganin mutane na wucewa da kwanduna, na bi Baba fadama da ambulan. Na karanta mashi, ina juyawa da Hausa. Ya ce, "Af, wanga yaro mai sikeli! Wata biyar shina cin tuwona, ashe rubutu shikai." Yana ta dariya har na miƙa mashi hoton.

Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya ƙura wa hoton ido, har na ji kunya na kalli wani wuri. Can ya ce, "Ni gini kawai na iya. Hancin nata ne." Ya naɗe takardar sau huɗu ya sa aljihun gaba. Ban ce ya maido ba. Takardar hoton mai duhun ta rage mani.

Na ce to wa zai koya wa matan? Ya ce shekara ashirin yana riƙe mata kwando, ai ya ga inda take danna yatsa. Ni ce dai ban taɓa tambaya ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Konni. Madam Saratu ta buɗe shafi na uku, ta bi da yatsa, ta juya ƙarshe ta duba jerin sunaye. "Wa ye Barmo, 2024, hira?" Na ce babana ne. Ta buga hatimi ta sa shi cikin waɗanda za a kai gaba.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi na shida, zafi ba a magana. Na shiga rudu da safe don in gwada ko abin da na rubuta zai yiwu, ba don komai ba. Ƙofar ƙarama ce, na buga kai, kara ya yage mani hannun riga. Baba na waje da kwando yana ta surutu: ba nan ba, sama kaɗan, wuyan, wuyan! Na fiddo bakwai. Ya danna su ɗaya bayan ɗaya, ya maido biyu ya ce lafiyarsu lau, ɓarna nake mashi.

Ta takwas ban taɓa ta ba tukuna, can ƙasa take, warinta na ji. Na tono na miƙa mashi. Ya danna, yatsa ya nutse. Ya dube ni, ya dubi albasar, ya ce, "Zulai," sai ya yi tari ya ce, "Ummu, miƙo na gaba."

Hannuna na wari har yanzu. Sabulu na can bakin randa, zan tashi anjima.