Takalmin Jemima Mai Dunduniyar Katako

Sintali, Jalingo,
9 ga Maris, 1997.

Zuwa ga Yaya Barnabas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Esta da yara, kuma zafin Makurɗi bai matsa muku ba. Yaya aikin koyarwa? Na je Iware ranar Asabar, Mama tana gaishe ku, ciwon bayanta ya yi sauƙi.

Ka tambaye ni yadda aka yi na bar ƙanwarmu ta shiga ɗaga ƙarfe. Ba ni na jawo ta ba. A watan Janairu Jemima ta kawo mini masara daga gida, ta same ni a ɗakin horo na ƙungiyar da nake wa mataimakin koci. Ta ga sandar ƙarfe mai kilo arba'in a ƙasa, ta ɗauke ta kamar buhun gona, tana dariya. Babban kocinmu, Baba Manga, ya ce wannan yarinya ba za ta koma Iware ba. Mama ta yarda da sharaɗi ɗaya: in zama idonta, tunda ni na yi shekara huɗu a jami'a ina karatun motsa jiki.

Ranar 19 ga Afrilu za a yi gwaji. Mata uku za a ɗauka zuwa sansanin horo, kuma duk wadda aka ɗauka za a ba ta aiki. Ka san tun da Jemima ta gama sakandare ba ta sami komai ba. Yanzu tana ɗaga kilo hamsin da bakwai da rabi, ita ce ta biyu cikin mata tara.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙafarta. Ta zo da silifas, sauran kuma suna yi babu takalmi a kan simintin da ya farfashe. Mai koyo yana bukatar takalmi mai ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya lotsawa in nauyi ya hau, da dunduniya mai ɗan tudu don ya iya tsugunawa ba tare da diddige ya tashi ba. Babu irinsa a kasuwar Jalingo, na duba shago goma sha ɗaya. Sai na zana shi a takarda na kai wa Malam Auwal, shumeka a Majidaɗi. Ya yi saman da fata, dunduniyar da katakon maɗaci mai tsayin santimita biyu, ya lulluɓe ƙasan da siririn yankin taya, ya yi maɗauri da tsohon bel ɗina. Sau uku na mayar masa saboda ƙafar hagu ta fi ta dama tudu kaɗan. A na ukun ya ce ko takalmin amarya bai taɓa ba shi wahala haka ba.

Baba Manga yana kirana Furofesan Takalmi a gaban yara. Ya ce shi ya ɗaga kilo ɗari da ashirin da ƙafar da Allah ya ba shi. Ba na tanka masa. Har yanzu aikina na wucin gadi ne, takardar tabbatar da ni tana kan teburin Ciyaman ɗin ƙungiyar, ba na son abin da zai taɓa ta.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe mini da kowa.

Ƙaninka,
Tobiya.

Sintali, Jalingo,
22 ga Afrilu, 1997.

Zuwa ga Yaya Barnabas,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Jemima tana da rai, tana cin abinci, amma ta ji ciwo a gwiwar hagu ranar gwaji. Ba a ɗauke ta ba.

Ga yadda abin ya faru. Kwana biyu kafin gwajin, Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya dawo daga Legas da kyautar kambas farare ƙafa goma sha biyu. Takalman gudu ne, masu kyau ga mai gudu. Ƙasansu soso ne mai kauri. Na danna babban yatsana a dunduniyar ɗaya, ya shige kusan santimita guda. In yatsa ya yi haka, ka kwatanta abin da kilo sittin da nauyin mutum za su yi. Kamar a ce mutum ya ɗaga ƙarfe a tsaye a kan katifa ne.

Na faɗa wa Baba Manga a ranar. Bai musa ba, shi ma ya danna ya gani. Sai ya ce wai a garin nan ba a tura kyautar babban mutum ƙarƙashin benci alhali yana zaune a kujerar gaba, ga mai hoto ya zo. Ya ce in a jami'a ba a koya mini wannan ba, to ban gama karatu ba.

Ranar Asabar da ƙarfe goma da kwata aka fara. Duk matan suka fito da fararen kambas, aka ɗauki hoto, Ciyaman ya yi jawabi na minti ashirin da biyar a kan sadaukarwa. Jemima ta ɗaga hamsin da biyar, na ga diddigenta yana rawa, amma ta tsaya. Aka sa mata sittin. Ta kawo sandar kafaɗa lafiya. Da ta tura sama ta raba ƙafafu, sai soson hagu ya kwanta waje, ƙafar ta bi shi, gwiwar ta juya ciki. Ta saki sandar a bayanta kamar yadda na koya mata, shi ya sa ba ta faɗo mata a wuya ba. Abin da na koya mata da ya yi amfani a ranar ke nan.

Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta yage. Za ta yi tafiya, za ta yi noma a hankali, amma ɗaga ƙarfe kada ta ƙara tunaninsa. Ciyaman ya aiko direbansa da lemo da gaisuwa. Jemima ta ce a ba masu gadon kusa da ita a asibiti.

Na aika wa Mama cewa targaɗe ne. Don Allah kada ka rubuta mata kafin in je da kaina.

Ƙaninka,
Tobiya.

Sintali, Jalingo,
1 ga Yuni, 1997.

Zuwa ga Yaya Barnabas,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti Esta, na gode da man shafawar da ta aiko. Ina fatan zazzaɓin ƙaramin ya tafi. An fara ruwa sosai a nan, an yi shuka a Iware, Jemima ta koma can mako uku da suka wuce, tana dogara sanda.

Na karanta wasiƙarka sau da yawa. Ka ce kada in ɗora wa kaina laifin manya, ka ce na yi iyakar ƙoƙarina. Ba zan iya riƙe wannan yabo ba, Yaya, domin na ɓoye maka abu ɗaya.

A safiyar gwajin Jemima ta zo da takalminta na katako a cikin leda baƙa. Ta gwada farin a gida ta ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashinta, ta sani ba sai an gaya mata ba. Bayan hoto ta ja ni bayan ƙofa ta ce za ta canja yanzu, ai an riga an ɗauki abin da ake so. Ta ce in Ciyaman ya yi fushi ita za ta ɗauka, ita ba ma'aikaciyarsa ba ce. Babu wanda ya tsaya a kanmu. Baba Manga yana can yana jera fayafayan ƙarfe. Na leƙa na ga Ciyaman yana nuna wa baƙinsa ƙafafun yaran. Na tuna takardata. Na ce mata ta bar farin, ɗagawa uku ne kawai, ba abin da zai faru. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Na karɓi ledar daga hannunta na riƙe. Ledar tana hannuna lokacin da gwiwar ta juya.

Ni da na mayar da takalmi sau uku saboda bambancin da bai kai kaurin ashana ba.

An ce in rubuta rahoton abin da ya faru. Na rubuta shafi uku, da awon soson, da nauyin, da zanen yadda ƙafar ta kwanta. Baba Manga ya karanta har ƙarshe, ya ce rubutu ya yi kyau, Furofesa, sai dai wa zai kai? Ya ba ni nasa mai layi huɗu, wanda ya ce rashin ƙwarewar mai koyo ne ya jawo. Ni na buga shi a tafireta, ni na sa hannu a ƙarƙashin nasa. Ranar 26 ga Mayu takardar tabbatar da aikina ta fito. Ciyaman ya ƙara da alƙalaminsa a gefe cewa ni matashi ne mai ladabi. Mai shafi ukun yana cikin ambulan ɗin nan. Ka ajiye shi, ba na son ganinsa a ɗakina.

Jemima ba ta faɗa wa Mama komai ba. Da na je, Mama ta dafa mini kaza saboda aikin da na samu, ta ce Jemima ta taya ni murna. Ta taya ni, da kalmomi daidai, tana kallon bango. Na so in yi magana a lokacin, Mama tana ta ƙara mini nama, na ci.

Na bar mata takalmin a gefen gadonta kafin in taho. Jiya wata maƙwabciyarmu, Rose, ta zo kasuwa ta kawo mini shi cikin ledar nan baƙa, an goge shi, an shafa wa fatar mai. Saƙon gajere ne. Wai in ba yarinyar da kocinta zai bar ta ta saka.

Gobe Litinin sababbin mata huɗu za su fara. Fararen kambas ɗin suna cikin kabad, an ce a raba musu, Ciyaman zai leƙo da ƙarfe huɗu. Na auna ƙafafunsu ranar Juma'a. Ɗaya daga cikinsu, Mabel, lambar ƙafarta ɗaya da ta Jemima. Ledar tana kan teburina yanzu, kusa da takardar aikin. Da a watan Maris ne, da na rubuta maka cewa na san abin da zan yi. Na taɓa cewa na tabbata, Yaya, ka ga inda ya kai ƙanwarmu.

Ranar Asabar zan je Iware in faɗa wa Mama gaskiya. Ka rubuto mini ko da zagi ne, ya fi mini waccan wasiƙar.

Ƙaninka,
Tobiya.