Tuffa Mai Kunci Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Mu ma da sauƙi, sai Inna da har yanzu abinci bai zauna mata ba.

Yaya, ashe ka sayar wa dillali tuffar gonarmu tun tana kan bishiya? Ban sani ba sai da na tsinko wa Inna biyu, maigadinsa ya tare ni a bakin shinge ya ƙwace. A gonar ubana! Likita ya ce ta riƙa cin tuffa saboda cikinta da ke ɗaurewa, ni ma na karanta hakan. Tuffar kaɗai Inna take iya ci, kuma ta rantse ba za ta taɓa ta kasuwa ba alhali bishiyoyin marigayi Baba suna tsaye.

Ni nake kan tsani ina rage ganye, ina juya kowace tuffa a hankali don gefen da ke inuwa ya ga rana ya yi ja, tunda dillalinka ja zalla yake ɗauka. Kai kuwa ko tsanin ba ka san inda ake jingine shi ba. Ka kira dillalin ya bar wa Inna bishiya ɗaya.

Ka gaida Anti.

Ƙaninka,
Auta


Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya yara? Saƙonka ya iso, wai ciniki ya riga ya faɗa, in daina zafin kai. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Na ji dillali ya kawo maka ƙara cewa bishiyar bayan rijiya duk ta ɓaci, kowace tuffa kunci ɗaya ja, ɗaya kore shar. Ya ɗaga, ya juya, ya yi tsaki, ya bar ta gaba ɗaya. Kar ka wahalar da kanka neman cuta ko tsutsa. Ni ne ban juya su ba, ko ɗaya. Zaƙinsu na nan, launi ne kawai bai kai ba.

Yanzu kwandunan tuffar na ƙarƙashin gadon Inna, ɗakin sai ƙamshi. Da safe ta cinye guda har ɓawo, ta nemi ƙari. Ta ce in aiko maka da naka. Na ce mata kai ja zalla kake ci.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta