Abin da Ya Raba Baba da Ciyayya

Daren Laraba, Bunkure

Yau na bar ban ruwan tumatir na kai Baba asibiti a Kano. Likita ta ce rawar hannun nan da ke damunsa ba sammu ba ne, yawanci gadonta ake yi. Ba ta kisa, ba ta kuma warkewa, amma ƙwaya kan rage ta. Ta ce ya rage goro. Ni kuwa kullum ni ke sayo masa!

Tambaya ɗaya Baba ya yi: "Likita, zan iya kai loma baki ban zubar ba?"

Ashe kunya ce ta hana shi fita ciyayya ƙofar gida. Mun ɓata shekaru muna hayaƙi da rubutu. Amininsa Malam Sule kuwa ya rasu bara yana zaton tuwon gidansa Baba ke ƙyama.