Alayyahun Baba Sule

Laraba, bayan isha'i, Ƙanƙara.

Kunyar kaina nake ji. Aikina a masana'antar man gyaɗa bai taka kara ya karya ba: in kunna injin da ke hura iska cikin ruwan wanki, kumfa ta taso da maiƙo sama, in kwashe, sannan in saki ruwan. Jiya saurin zuwa kallon ƙwallo ya sa na sake shi ban kunna ba.

Yau Baba Sule, mai lambu a bayan katangar masana'antar, inda ruwan ke gangarawa, ya nuna mini tafin hannunsa yana ƙyallin mai.

"Yarona, injin naku ba lafiya ne?"

Na ce e.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, har da miƙo mini ɗaurin alayyahu.

Injin lafiyarsa lau. Alayyahun yana nan cikin leda, na kasa ba Inna ta dafa.