Wayata na mutuwa a hanya, Inna na ƙin cin abinci

Assalamu alaikum Goggo Juwairiyya. Don Allah ki agaza mini da shawara. Ni ɗan Tursa ne a ƙasar Rabah, ina kai albasa da wake kasuwannin Wurno da Goronyo. Alhamdu lillahi, ciniki na tafiya, gida lafiya lau. Damuwata ɗaya ce, wayata.

Ni mutum ne mai son jama'a. Da mun hau mota sai in kunna wa'azi da ƙarfi kowa ya amfana, don rediyon direbanmu ya daɗe da lalacewa. Wani dattijo ya ce in ara mashi ya kira ɗansa, wata ta ce in nuna mata hoton jikarta, to mi zan ce da su? Kafin mu sauka waya ta mutu murus.

Ita kuwa Inna, mahaifiyata, ba ta sa komi a baki sai na kira na ce na sauka lafiya. Ran nan ta yi ta kira waya a rufe, har ta tada ƙanena Ma'azu a kan babur. Ya iske ni a Goronyo na miƙe ƙafa ina shan fura. Abokai sun yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na dawo na ga tuwonta na rana a rufe ba ta taɓa ba, wallahi sai da na yi hawaye. Abin kunyar ma, wa'azin ranar a kan haƙƙin iyaye ne. In daina ara wa mutane, a ce na yi girman kai?

Ɗan Albasa, Tursa

Wa alaikumus salam, ɗana. Halinka na kirki ne, kada ka bar shi. Tsoron Inna ma ba shirme ba ne, kowa ya san yadda hanyoyi suke yanzu. Gyaran kuma ba shi da wuya.

Ka cika caji kafin ka bar gida, ka rage hasken fuskar wayar, ka kashe data. Inda sabis ke ɗaukewa, waya na shan wahalar nemansa, nan ne batir ke zuba. Danna alamar jirgin saman nan mai tsayar da neman sabis har ku fito gari. Kada ka ajiye wayar a gaban mota cikin rana, zafi na kashe batir. Ka nemi ƙaramin fawa-banki, wa'azin kuma ka zuba shi a memori ka sa a ƙaramin rediyo, mota duka ta ji. Dattijo mai neman kira ka ba shi, kira ba ya cin caji kamar bidiyo.

Ita ma Inna ka zauna ka fahimtar da ita cewa shirun waya ba kullum ne masifa ba, ka bar wa Ma'azu lambar direba.

Amma da ƙafarka ta taɓa tasha, tun ba a sauke buhu ba, ita za ka fara kira. Malamin wa'azin ya riga ya faɗi nasa, saura aiki da shi. Allah ya ba da kasuwa, ya sa Inna ta ci tuwonta da zafinsa.

Goggo Juwairiyya